Gasar Masu Kutse: Yadda Gwamnatoci Ke Farautar Masu Gadin Intanet



A watan Maris na 2011 aka kammala wata gasa a Birtaniya, irinta ta farko a ƙasar, wadda aka shirya don zaƙulo mutanen da suka iya kare kwamfuta daga masu kutse. Dubban mutane suka shiga, aka yi ta tankaɗe da rairaya har aka zo zagayen ƙarshe. Da aka tashi kiran gwarzo, sai ga wani ma'aikacin gidan waya daga garin Wakefield, mutumin da sana'arsa ita ce ya rataya jaka da sassafe ya bi gida-gida yana raba wasiƙu. Ba a jima ba hukumar gidan wayar, Royal Mail, wadda a lokacin mallakar gwamnati ce, ta raba shi da jakar wasiƙu ta mayar da shi sashen tsaron kwamfutocinta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Gwamnati tana ta cigiyar gwanaye a waje, ashe ga ɗaya nan cikin masu karɓar albashinta.

Tun daga lokacin masu shirya irin wannan gasa suke kafa hujja da labarin mutumin nan, kuma suna da gaskiya. Hanyar da gwamnatoci suka saba ɗaukar ma'aikata, wato a duba kwalin digiri, a ƙirga shekarun aiki, a zaunar da mutum gaban kwamiti ya amsa tambayoyi, ba za ta taɓa gano shi ba. Sai dai akwai rabin labarin da ba a cika faɗa ba, shi ne abin da ke faruwa bayan an tafa an raba kyaututtuka an watse.

Kafin nan, yana da kyau mai sauraro ya san yadda ake yin gasar, domin ba dambe ba ce balle a ga jini. Mafi shaharar nau'inta ana kiranta gasar ƙwace tuta. Tutar ba ƙyalle ba ce, wasu 'yan haruffa ne da lambobi da masu shirya gasa ke ɓoyewa a cikin kwamfuta ko manhaja. A gina shafin intanet na gwaji, a bar masa ɓaraka da gangan, a ce duk wanda ya gano ɓarakar ya shiga ya ɗauko tutar yana da maki kaza. A ba da saƙon da aka kulle da lissafi a ce a kwance shi. A ba da manhajar da ba a san abin da ke cikinta ba a ce a warware ta kamar yadda bakanike ke kwance inji, a faɗi aikin da take yi. A ba da ma'ajiyar kwamfutar da aka riga aka yi wa kutse a ce a bi sawun ɓarawo: ta ina ya shigo, me ya ɗauka, ina ya kai. Wani lokaci a yi kwana 2 cur ana abu ɗaya, ga allo a gaba yana nuna makin kowa, babu batun ɗan wane ko jikan wane.

Akwai kuma nau'in da ya fi zafi, inda kowace ƙungiya ke da nata gidan da za ta tsare, alhali tana ƙoƙarin fasa na maƙwabta. Duk gidajen ɓarakarsu iri ɗaya ce. Wanda ya riga gano ta zai toshe tasa, ya bi ta cikin ta sauran ya kwashe tutoci. A nan ake gane wanda hankalinsa ke zama wuri ɗaya idan wuta ta kama, da wanda ya iya aiki da abokai, da kuma wanda sai dai surutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dabarar ta girmi intanet. A watan Janairu na 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na 2, jaridar Daily Telegraph ta Landan ta tara mutum 25 a ofishinta domin a ga wanda zai iya kammala wasanta na cike gurbin kalmomi cikin ƙasa da minti 12. Mutanen sun ɗauka nishaɗi ne. Bayan 'yan makonni sai wasu daga cikinsu suka sami wasiƙa daga hukumomin soja ana gayyatarsu ganawa kan wani al'amari na sirri. Ƙarshenta suka tsinci kansu a Bletchley Park, gidan da Birtaniya ta tara masu kwance saƙonnin asirin sojojin Jamus.

Amurka ce ta mayar da abin tsari sosai. Wajejen 2010 wani tsohon jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA, Jim Gosler, ya yi ƙiyasin cewa mutanen da suka kai matakin ƙololuwa a wannan fanni a duk faɗin Amurka ba su wuce 1,000 ba, alhali ƙasar tana buƙatar tsakanin 10,000 zuwa 30,000. Maganar ta tayar da hankali a Washington. Dama a 2009 an ƙaddamar da wani shiri mai suna US Cyber Challenge da burin gano matasa 10,000 ta hanyar gasanni da sansanonin horo. A shekarar ne kuma ƙungiyar masu goyon bayan rundunar sojan sama ta fara gasar CyberPatriot ta 'yan sakandare, inda ake miƙa wa yara kwamfutoci masu cike da kurakurai a ba su 'yan sa'o'i su gyara. Hukumar NSA, wadda aikinta sauraron sadarwar duniya ne, ta fito da tata gasar ta ɗaliban jami'a a 2013. Sannan a 2019 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya kafa gasar Kofin Shugaban Ƙasa, wadda ta ma'aikatan gwamnatin tarayya da sojoji ce kaɗai. Wannan ta ƙarshe darasin mai raba wasiƙun nan ne aka ɗauka: a fara duba cikin gida tukuna.

Amma babbar kasuwar gwanayen ba a hannun gwamnati take ba. Taron DEF CON ne, wanda wani matashi Jeff Moss ya fara a birnin Las Vegas a 1993, kuma gasar ƙwace tutar da ake yi a wurin tun 1996 ita ce masu kutse ke ɗauka a matsayin gasar cin kofin duniyarsu. A shekarun farko tsakanin mahalarta taron da jami'an gwamnati sai kallon hadarin kaji. Har wasa suke da shi na gano ɗan leƙen asiri: idan ka hango wani mai askin soja da takalmi mai sheƙi yana raɓe-raɓe, ka nuna shi, in ta tabbata jami'i ne a ba ka riga kyauta. Sai ga shi a 2012 shugaban NSA da kansa, Janar Keith Alexander, mai tauraro 4 a kafaɗa, ya ajiye kaki ya sa wandon jins da 'yar shat ya hau mumbarin taron yana zawarcin matasa. Hukumar har shafin neman aiki ta buɗe musamman don mahalarta, tana lallashinsu cewa wanda ya taɓa ɗan taka sawun ɓarawo a baya kada ya yanke ƙauna. Shekara guda bayan haka wani mai suna Edward Snowden ya fallasa irin leƙen asirin da hukumar ke yi wa jama'a, Jeff Moss kuwa ya fito ya roƙi jami'an gwamnati da su ɗan huta a gida a wannan shekarar. Zawarcin ya koma baya.

A 2016 ma'aikatar tsaron Amurka ta yi abin da a da ko a mafarki ba za a zata ba. Ta gayyaci masu kutse su gwada fasa wasu shafukanta na intanet, duk wanda ya gano ɓaraka a biya shi. Mutum 1,410 suka yi rajista, aka tabbatar da ɓaraka 138 cikin ƙasa da wata guda, cikin waɗanda sakataren tsaro Ash Carter ya gode wa ido da ido har da wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 18. Shirin gaba ɗaya ya ci dala 150,000. Carter ya ce da kamfani aka ɗauka ya yi wannan aikin, da sai an kashe fiye da dala miliyan 1.

To, an gano gwanaye. Sai kuma me?

A nan ne gizo ke saƙar. A ƙarshen 2011 hukumar GCHQ, takwarar NSA a Birtaniya, ta saka wani kacici-kacici na lambobi a intanet ba tare da ta bayyana sunanta ba, ta ce mai iyawa ya kwance. Waɗanda suka sha wahala suka kwance sai suka iske tallar aiki a ƙarshe, da albashin da bai wuce kimanin fam 25,000 a shekara ba. Aka yi ta dariya, domin mai irin wannan basira zai iya samun ninkin haka a kamfani. Ƙarin abin kunya, wasu sun gano cewa ana iya isa shafin ƙarshen ta hanyar bincike a Google kawai, ba sai an kwance komai ba. A shekarar ne shugaban hukumar, Iain Lobban, ya koka wa kwamitin majalisa cewa yana iya ba matasan aiki mai daraja, amma ba zai iya ja da albashin irin su Microsoft da Google ba. Gwamnati ta shirya gasa, ta horar, ta goge yaro, kamfani ya zo ya ɗauke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan kuɗi sai jira. Yaron da ya ci gasa ranar Lahadi, kafin Juma'a kamfanoni sun aiko masa da tayi. Gwamnatin Amurka kuwa takan ɗauki kimanin kwana 100 kafin ta kammala ɗaukar ma'aikaci ɗaya, kuma wannan bai haɗa da binciken tsaro ba. A 2018 takardun masu jiran binciken sun taru sun haura 700,000, mai neman izinin ganin manyan sirrika kan shafe fiye da shekara yana jira. Ɗan shekara 22 mai bashin makaranta a wuya ba zai zauna zaman jiran gawon shanu ba. Majalisar dokokin Amurka ta fahimci matsalar, a 2014 ta ba ma'aikatar tsaron cikin gida izinin ƙirƙiro sabon tsarin ɗaukar ma'aikatan intanet, wanda zai auna iyawa maimakon kwali, ya kuma biya albashi mai tsoka. Sai a watan Nuwamba na 2021 tsarin ya fara aiki, da albashin da ƙololuwarsa ta kai dala 255,800, daidai da na mataimakin shugaban ƙasa a lokacin. Shekara 7 aka kwashe ana rubuta ƙa'idojin da za su sa a riƙa ɗaukar ma'aikata da sauri.

Sai batun hali. A 2014 shugaban hukumar FBI ta Amurka James Comey ya yi wata magana da ta zagaya duniya, cewa yana neman gwanayen da za su kara da masu laifi a intanet, amma wasu daga cikin yaran so suke su busa wiwi a hanyarsu ta zuwa ganawar neman aikin. A lokacin dokar hukumar ta haramta ɗaukar wanda ya sha wiwi cikin shekara 3 da suka gabata. Da sanatoci suka tasa shi gaba sai ya ce raha yake yi. Rahar dai ta taɓo gaskiya, domin da yawa daga cikin gwanayen sun koyi sana'ar ne a ɗakin kwanansu suna 'yan shekara 14 ko 15, ba malami ba mai tsawatarwa, kuma ba kowa ne ya tsaya inda doka ta ce a tsaya ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Marcus Hutchins. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle kwamfutocin asibitocin Birtaniya har aka riƙa soke tiyata ana mayar da marasa lafiya gida. Hutchins, ɗan shekara 22, yana zaune a gidan iyayensa ya gano wata kafa a cikin manhajar, ya yi rajistar wani adireshin intanet da kuɗin da bai kai dala 11 ba, bazuwar ta tsaya. Wata 3 bayan haka, yana hanyar komawa gida daga taron DEF CON, jami'an FBI suka kama shi a Las Vegas kan wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta a shekarun baya. Ya amsa laifi a 2019, alƙali kuma ya sallame shi ba tare da ƙarin zaman kurkuku ba, yana la'akari da alherin da ya yi daga baya. Wace gwamnati za ta ɗauki irinsa aiki? Wadda ta ƙi ta yi asarar gwani, wadda ta ɗauka kuma za a ce ta ba kura ajiyar nama. Allon maki ba ya amsa wannan tambaya, domin iyawa kawai yake aunawa.

Ko iyawar ma, ba kowace iri ba. Gasa tana son mai sauri da dabara, wanda zai fasa ƙofa cikin awa 2. Mafi yawan aikin tsaron gwamnati kuwa aikin mai gadi ne: zagaye kullum, duba makullai, rubuta rahoton da ba mai karantawa, da naci a kan shugabannin da ba sa son kashe kuɗi. A watan Mayu na 2021 masu kutse suka tilasta rufe bututun man Colonial, wanda ke kai kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gabashin Amurka. Aka ga dogayen layuka a gidajen mai, abin da mai sauraro a Kano ko Kaduna ba sai an yi masa bayani ba. Kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4 da dubu 400. Da aka bincika, ta wani tsohon asusu da aka manta ba a rufe ba aka shiga, da kalmar sirri guda ɗaya tak, babu wani mataki na biyu na tantancewa. Haka nan a 2015, lokacin da aka sace bayanan mutum miliyan 21 da dubu 500 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, har da zanen yatsun mutum miliyan 5 da dubu 600, mai binciken cikin gida na ofishin ya shafe shekaru yana gargaɗi ba a saurara ba. Babu gasar da ke ba da kofi don rufe tsohon asusu.

Akwai kuma tambayar su waye ma ke zuwa gasar. Wanda ke da kwamfuta tun yana ƙarami, da wutar lantarki, da lokacin da zai kwana 2 bai yi barci ba, shi ne zai zo. Zaurukan gasar cike suke da samari, mata 'yan ƙalilan. Birtaniya ta lura da haka, a 2017 ta fara gasar CyberFirst ta 'yan mata zalla, kuma a shekarar farko 'yan makaranta fiye da 8,000 suka shiga. Isra'ila ma tana da shirin Magshimim, wanda ke bin yaran sakandare a garuruwan da ke nesa da manyan birane yana horar da su bayan an tashi daga makaranta, daga nan da yawansu ke wucewa rundunonin fasaha na soja irin su sashe na 8200.

Ƙasashen da suka fi cin moriyar abin su ne waɗanda suka ɗaura wa gasar igiya. Koriya ta Kudu, wadda ke fama da kutse daga maƙwabciyarta ta Arewa, ta fara shirin horo mai suna Best of the Best a 2012, inda ake tace matasa mataki-mataki a hannun ƙwararru. Shekara 3 kacal bayan haka wata ƙungiyar Koriya mai suna DEFKOR ta lashe gasar DEF CON a Las Vegas. A 2012 ɗin ne kuma Jami'ar Koriya da ke Seoul ta buɗe sashen tsaron intanet tare da rundunar soja: a biya wa ɗalibi kuɗin karatun shekara 4, shi kuma ya yi shekara 7 yana hafsa. Amurka tana da makamancinsa tun 2000, tallafin karatu na CyberCorps, wanda duk shekarar da aka biya maka sai ka rama ta da shekarar aikin gwamnati. Igiyar ba ta hana tafiya idan wa'adi ya cika, amma aƙalla an mori ƙuruciyar.

Ƙasar Sin ta bi wata hanya dabam, wadda ya kamata a tsaya a dube ta da kyau. Shekaru da dama ƙungiyoyin kamfanonin Sin irin su Tencent da Qihoo 360 sun yi ta mamaye gasar Pwn2Own ta ƙasa da ƙasa, inda ake fasa wayoyi da manhajoji a bainar jama'a, a miƙa sirrin ɓarakar ga kamfanin da ya ƙera kayan domin ya gyara. A 2017 shugaban Qihoo 360, Zhou Hongyi, ya fito ya ce irin waɗannan ɓarakoki dukiya ce mai muhimmanci ga ƙasa, bai kamata a riƙa kai su waje ba. A 2018 masu binciken Sin suka daina zuwa irin waɗannan gasanni bisa umarnin hukuma, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka buɗe gasar cikin gida, Kofin Tianfu, a birnin Chengdu. Babbar kyautar, dala 200,000, ta tafi ga wani mai bincike da ya nuna yadda za a mallake wayar iPhone daga nesa ta hanyar ziyartar shafin intanet kawai. Kamfanin Apple ya toshe ɓarakar a watan Janairu na 2019. Amma a 2021 mujallar MIT Technology Review ta ruwaito cewa a tsakanin ranar gasar da ranar gyaran, an yi amfani da wannan dabarar wajen leƙen asirin wayoyin Musulmin ƙabilar Uyghur. Mai binciken ya musanta hannu a ciki. A watan Satumba na 2021 kuma wata doka ta fara aiki a ƙasar, wadda ta wajabta wa kamfanoni sanar da ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa duk ɓarakar da aka gano a kayansu cikin awa 48. Kenan gasar da ake cewa ta neman masu gadi ce tana iya zama rumbun tara makamai, kuma ban ga dalilin ɗauka cewa ƙasa ɗaya ce kaɗai ke da wannan kwaɗayin ba.

A gefe guda kuma na'urori sun shigo fagen. A 2016 hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta shirya gasar da babu ɗan Adam a ciki, kwamfutoci 7 ne suka kara, wadda ake kira Mayhem ta ci dala miliyan 2. Da aka saka ta cikin gasar mutane a DEF CON a makon, ita ta zo ta ƙarshe. A 2025 hukumar ta kammala wata gasar ta ƙirƙirarriyar basira, ƙungiyar da ta yi nasara ta tafi da dala miliyan 4, kuma a wannan karon na'urorin sun gano ɓarakoki na gaske a manhajojin da jama'a ke amfani da su.

A nahiyarmu ta Afirka ma abin ya fara kankama. Jamhuriyar Benin tana da gasar ƙasa mai suna HackerLab wadda hukumar gwamnati ke shiryawa domin zaƙulo matasa. Reshen Jami'ar Carnegie Mellon da ke Kigali yana gudanar da gasar picoCTF ta ɗaliban Afirka. Ƙungiyar ECOWAS ta tara matasan ƙasashenta a Abuja a watan Oktoba na 2024 suka fafata, tare da haɗin gwiwar hukumar NITDA ta Najeriya. Buƙatar kuma ba ɓoyayya ba ce. Ministan sadarwar Najeriya na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce an yi yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a kan shafukan Najeriya a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Ƙasar tana da dokar laifukan intanet tun 2015, tana da cibiyar ɗaukin gaggawa ta ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, jami'o'i irin su ta fasaha da ke Minna suna yaye ɗalibai a fannin.

Gasa kuwa ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986 ta fito da mahaddata daga ƙauyukan da ba wanda ya san da su, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa har Saudiyya. A Nijar kokawar neman takobi tana yin haka ga 'yan kokawa tun 1975. Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara kasuwar Farm Centre a Kano, ya ga yaron da bai gama sakandare ba yana kwance ta yana bin layukan lantarkinta ɗaya bayan ɗaya, ya san akwai ƙwaƙwalwar da jarrabawar takarda ba ta gani.

Matsalar ita ce ƙofar da yaron zai bi bayan ya ci. A tsarin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, mai digiri yana shiga ne a mataki na 8, kuma sai ya nuna takardar kammala hidimar ƙasa. Wanda ba shi da kwali, ko da shi ne ya zo na ɗaya a Afirka ta Yamma, ƙasa da haka zai fara, in ma an ɗauke shi. Ga batun raba guraben aiki tsakanin jihohi, ga na wa ka sani. A ɗaya ɓangaren kuma bankunan Legas suna jira, kamfanonin waje suna biya da dala ba tare da yaro ya bar ɗakinsa ba, masu damfara ta intanet su ma suna ɗaukar almajirai. Dokar 2015 ta tanadi hukunci ga duk wanda ya shiga kwamfutar wani ba da izini ba, saboda haka matashin da ya hango ɓaraka a shafin wata ma'aikata dole ya yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki, kada garin neman gira ya rasa ido. Ma'aikatar tsaron Amurka ta warware irin wannan kullin a watan Nuwamba na 2016, 'yan watanni bayan gasarta, inda ta wallafa ƙa'ida a fili cewa duk wanda ya gano ɓaraka a shafukanta ya kawo rahoto bisa sharuɗɗan da ta gindaya, ba za ta kai shi kotu ba. Cikin shekarun da suka biyo baya rahotannin da ta karɓa ta wannan ƙofa sun kai dubun-dubata, kuma ba ta biyan ko sisi a kansu.